Tulun Ladi Kwali da Muhawarar Fashin Baƙin Ayyukan Fasaha

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa tarken waƙa ko labari ya ci karo da wannan tambaya: wa ke da ikon faɗin ma'anar aikin fasaha? Wanda ya yi shi, ko aikin kansa, ko mai kallo? Masana falsafa sun daɗe suna kai-kawo a kan haka. A wannan ɗan rubutu zan kawo ra'ayoyinsu a taƙaice, in gwada su a kan tulun shahararriyar maginiyar nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin.

Ladi da Tulunta

Ladi 'yar ƙabilar Gbagyi ce daga garin Kwali, inda ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama. Takan ƙawata tulunta da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane wadda wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a garin Abuja, wato Suleja ta yau. Shi kuwa Cardew a gidan Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin aikinta.

A cibiyar, Ladi ta ci gaba da gini da hannu, amma yumɓun ya sauya, aka riƙa shafa wa tulun sinadari mai sa sheƙi, ana gasa shi da wuta mai tsanani. Sai ya yi nauyin da ba a zuwa rafi da shi, ba ya kuma sanyaya ruwa, domin ba ya tsattsafo. A 1958 aka baje kolin ayyukanta a Landan. To, wannan tulu ne ko kayan ado?

Ra'ayoyin Masana

Ra'ayi na farko shi ne ma'ana tana ga manufar mai fasaha. E. D. Hirsch ya kare wannan a 1967. Matsalar ita ce Ladi ta rasu a 1984, ba dama a sake tambayar ta.

Ra'ayi na biyu na Wimsatt da Beardsley ne, waɗanda a 1946 suka nuna cewa kuskure ne a auna aiki da niyyar mai shi. A nasu ganin, a dubi aikin kawai. A tulun Ladi ke nan sai a dubi sura da tsarin zane da daidaiton wuya da ciki. Sai dai wannan na iya raba tulun da al'ummar da ta haife shi.

Ra'ayi na uku na Roland Barthes ne, Bafaranshen da ya yi shelar mutuwar marubuci a 1967, ya miƙa ragamar ma'ana ga mai karatu. A nan matar Kwali mai ɗebo ruwa da Baturen Landan kowa da tasa ma'anar. To amma akwai haɗari. Bahaushe in ya ga hawainiya, rikiɗa da rashin tsayawa a magana ɗaya ke faɗo masa a rai. Shin daidai ne ya ɗora wa Ladi wannan, alhali ba al'adarta ya tambaya ba?

Kammalawa

A nawa ɗan ganin, mafita tana cikin bambancin da Hirsch ya yi tsakanin ma'anar aiki da muhimmancinsa ga mai kallo. Muhimmanci yana sauyawa daga Kwali zuwa Suleja zuwa Landan, kuma kowa na da damar faɗin yadda aiki ya taɓa shi. Amma wanda ya ce ga abin da tulun ke nufi, dole ya kawo shaida daga jikin tulun, da tarihinsa, da al'adar Gbagyi.

Haka abin yake gare mu 'yan uwana ɗalibai idan muka zo nazarin waƙoƙin Shata ko Magana Jari Ce. Fashin baƙi na iya zama fiye da ɗaya, amma ba kowanne ne karɓaɓɓe ba. Kafin ka ce "marubucin na nufin kaza", tambayi kanka: shi ya faɗa, ko matanin ya nuna, ko kuwa ni nake gani? Bayyana wanne ne daga cikin ukun shi ne amanar manazarci.