Gasar Dakar ta tsofaffin motoci: yadda ake haɗa ayari kafin a kai ga rairayi

Ranar 26 ga watan Disamba na shekarar 1978 ne motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali da Haute-Volta, sannan 74 kaɗai daga cikinsu suka isa Dakar ranar 14 ga watan Janairu 1979. Wannan shi ne mafarin gasar Paris-Dakar wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro, kuma shekara da shekaru ƙurarta ta yi ta tashi cikin Tenere. Daga baya matsalar tsaro ta raba ta da yankin. A shekarar 2000 sai da jiragen sama suka kwashe motocin daga Yamai zuwa Sabha ta ƙasar Libiya. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya bayan kisan ƴan yawon buɗe ido huɗu na Faransa a Moritaniya. A 2009 ta koma Amurka ta Kudu, kana a 2020 ta sauka Saudiya.

A can Saudiya ne, a shekarar 2021, kamfanin ASO mai shirya gasar ya buɗe wani sabon rukuni mai suna Dakar Classic, domin motocin da aka ƙera kafin shekarar 2000. A karon farko motocin ba su kai 30 ba, amma da shekara ta zagayo sun haura 100. Da yawa daga cikin masu shiga ba ƙwararrun ƴan tsere ba ne: ƴan kasuwa ne, da likitoci, da masu gareji, da ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda suka ga motocin nan a talabijin tun suna samari. Galibinsu kuwa ba sa zuwa su kaɗai, sai dai a ƙungiyance.

Gasar da gaggawa ba ta biya

A wannan rukuni ba wanda ya riga isa ne ke cin gasa ba. Ana yanka wa kowace mota matsakaicin gudun da za ta riƙe a kan wani yanki na hanya. Idan aka ce kilomita 60 a awa, alhali tsawon yankin kilomita 30 ne, to dole motar ta cinye shi cikin minti 30 daidai, kuma na'ura tana auna ta a wurare da dama da direba bai sani ba. Wanda ya yi latti a rubuta masa laifi, wanda ya yi gaggawa shi ma a rubuta masa. A ƙarshe mai ƙarancin laifi shi ne zakara. Saboda haka wanda ke zaune kusa da direba, yana karanta littafin hanya yana lissafin lokaci, nauyinsa bai gaza na mai riƙe da sitiyari ba.

Wannan tsari ya sa juriyar mota ta fi ƙarfin injinta daraja. Marc Douton da Emilien Etienne ne suka ci karon 2021 da wata ƴar ƙaramar motar rairayi ƙirar Sunhill. A 2022 Serge Mogno ya ci da Toyota Land Cruiser HDJ80, a 2023 kuma Juan Morera da Lidia Ruba na ƙasar Ispaniya suka ci da irinta, wato motar da duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Bilma ya san ta.

Dalilin tafiya a ayari

Gasar tana ɗaukar kamar mako biyu, ana cin dubban kilomita. Motar da ta haura shekara 30 kuwa ba ta kwana ba tare da an duba ta ba. Kowane maraice a zango sai an canza abin da ya lalace, an ɗaure abin da ya kwance. Wannan aiki yana buƙatar makanikai, da kamiyo mai ɗauke da tayoyi da batir da bakin mai da sauran kayan gyara, wanda ke bin kwalta ya riga motocin isa zango na gaba. Shi kansa kamiyon sai an biya masa kuɗin shiga, haka ma kowane mutum da ke cikinsa. Mutum ɗaya ba kasafai yake iya ɗaukar wannan nauyi ba, amma in motoci huɗu ko biyar suka yi tarayya a kan kamiyo guda, kason kowa sai ya sauko.

Shi ya sa masu gogewa ke ba da shawarar a zaɓi motoci iri ɗaya. Ayarin da duk motocinsa Land Cruiser ne, kayan gyara kashi ɗaya sun wadatar da shi, makanike ɗaya ya san ciwon kowacce. Ayarin da ya haɗa Pijo da Range Rover da Mitsubishi Pajero kuwa, tamkar ya ɗauko kantuna uku ne a bayan kamiyo ɗaya.

Tsarin bai yi nisa da na fataken da ba, masu zuwa Gwanja sayen goro. Akwai madugu, wanda shi kaɗai ke magana da masu shirya gasar da sunan kowa. Akwai mai riƙe da asusu, kamar yadda uban dawaki ke tara kuɗin fito da na hanya. Akwai shugaban makanikai, wanda maganarsa ce ta ƙarshe kan lafiyar mota. Ƙungiyar da ta bar waɗannan ayyuka uku a hannun kowa da kowa, a ƙarshe ba a hannun kowa suke ba.

Takardu da wa'adi

Aikin madugu yana farawa kusan shekara guda kafin tashi. Ana buɗe rajista watanni da dama kafin Janairu, ana biya kashi-kashi, kuma wanda ya yi rajista da wuri yana samun rangwame. Kowane direba da abokin tafiyarsa sai sun mallaki lasisin tsere daga hukumar wasan motoci ta ƙasarsu mai alaƙa da FIA, bayan binciken likita, ban da parmi da paspo da biza. Ita ma motar tana da nata kundi: takardar mallaka, da asuransi, da shaidar shekarar da aka ƙera ta. Dole a ɗaura mata kejin ƙarfe mai kare mutane in ta kife, da bel na tsere, da tukunyar kashe gobara, da na'urar da ke nuna inda take a kowane lokaci.

Sai batun duwan, wanda ƴan kasuwa suka fi kowa saninsa. Motar tana shiga Saudiya ne a matsayin baƙuwa ta ɗan lokaci, ba a biya mata kuɗin fito, bisa sharaɗin za ta fita. Ko da ta ragargaje cikin rairayi, sai an kwaso gawarta an fitar, in ba haka ba takardarta ba ta rufuwa. Haka kayan da ke cikin kamiyo: ana rubuta jerinsu tun a gida, abin da aka rubuta ya shiga shi ake jiran gani ya fita.

Wa'adin da ba ya ɗaguwa shi ne na jirgin ruwa. Motocin Turai ana tara su a tasha ɗaya makonni kafin gasa, a duba su, a loda. Na gasar 2021 daga Marsai aka ɗauke su zuwa Jidda. Na 2024 daga Basalona. Wanda motarsa ke gareji ranar lodi, jirgi ba ya jiransa. Nan ne lalacin mutum ɗaya ke zama asarar ayari, domin an riga an raba kuɗin kamiyo da lissafin kansa a ciki. Wanda ke zaune nesa da Turai kuwa yana da ƙarin aiki: ko ya kai motarsa tashar lodi a kan lokaci, ko ya nemi kwantena da dillalin duwan ya tura ta da kansa.

Abin da ake rubutawa kafin a rabu da kuɗi

Yawancin rigimar ayari ba daga inji take tasowa ba. Tambayoyi uku ne ke raba abokai, kuma ƙungiyoyin da suka daɗe suna rubuta amsarsu, kowa ya sa hannu kafin a zuba kason farko.

Ta farko: wanda ya janye saura wata biyu, saboda rashin lafiya ko karayar jari, ana mayar masa da kasonsa na kamiyo ko kuwa ya tafi ke nan? Ta biyu: in motoci biyu suka iso zango da dare duk a lalace, makanikai kuwa biyu ne, wacce za a fara? Wasu suna fifita wadda ke gaba a jerin gasa, wasu wadda gyaranta ya fi sauƙi, wasu kuma su bar hukunci ga shugaban makanikai. Kowanne da hujjarsa, abin gudu kawai shi ne a fara wannan muhawara da ƙarfe ɗaya na dare, kowa a gajiye. Ta uku: kayan gyaran da aka saya da kuɗin kowa, in mota ɗaya ta cinye su, wa zai biya? Hanyar da ta fi kawo zaman lafiya ita ce a buɗe littafi, duk abin da ya fita daga kamiyo a rubuta shi da sunan motar da ta ci, a yi lissafi bayan an koma gida.

Ana kuma ware wani kaso a ajiye gefe domin abin da ba a zata ba, kamar jan mota daga cikin rairayi ko tikitin wanda ciwo ya tilasta wa komawa gida. In ba a taɓa shi ba, a raba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sun kuma ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ayarin tsofaffin motoci yana tafiya ne a tsakanin waɗannan maganganu biyu: kamiyo da makanikai na kowa ne, takardu da wa'adi kuwa kowa da nasa. Daga cikin 182 da suka bar Paris a 1978, fiye da rabi ba su ga Dakar ba. Magadansu na yau suna da na'urori da jiragen ceto da na farko ba su samu ba, amma har yanzu ayarin da ya shirya asusunsa da yarjejeniyarsa tun a gida shi ya fi samun damar isa zangon ƙarshe da motocinsa, da kuma zumuncinsa.