Tafiya zuwa tsibiri: D. H. Lawrence da Abubakar Imam

A cikin wannan ɗan nazari za mu gwama littattafai biyu na labarin tafiya, wato abin da Faransawa ke kira « récit de voyage ». Kowanensu marubucin ƙagaggun labarai ne ya rubuta shi, bayan ya ƙetare teku zuwa wani tsibiri. Ga ɗalibin da ya tashi a Kore Mairuwa, tsibiri bai wuce tudun da ruwan damina ya kewaye cikin fadama ba. A adabi kuwa ma'anarsa ta fi haka faɗi.

A watan Janairu na 1921 Lawrence, Baturen Ingila, ya bar Taormina tare da matarsa Frieda zuwa tsibirin Sardiniya. Sun sauka Cagliari, suka ratsa Mandas da Sorgono da Nuoro. Tafiyar ba ta kai mako biyu ba, amma ta haifi Sea and Sardinia a shekarar nan. Lawrence gudun zamani yake, yana neman mutanen da masana'antu ba su taɓa ba. Shi ya sa, a ganinmu, mai karatu ya fi sanin zuciyar marubucin bisa ga sanin mutanen tsibirin.

Lamarin Imam dabam ne. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, mawallafin Ruwan Bagaja, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ya shiga ayarin ƴan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito a 1944. Tsibirin da ya je shi ne mazaunin masu mulkin ƙasarsa, saboda haka kallonsa na mai awo ne: me ya dace a ɗauko, me za a bari. Sunan littafin kansa ya nuna haka.

Kada dai a ɗauki wannan ladabi a matsayin miƙa wuya. A can Imam ya ƙi sa hannu ga takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga, ya kuma bayyana masa illolin mulkin En'e a Arewacin Nijeriya. Mun lura masu nazari sun fi rinjaya ga ƙin sa hannun, suna tsallake ganawar.