Katie McCabe: abin da ya kamata ku sani game da kyaftin ɗin matan Ireland

Wanda ya kalli karawar Super Falcons da Jamhuriyar Ireland a birnin Brisbane ranar 31 ga Yulin 2023 zai iya tuna wata 'yar wasa mai lamba 11, ɗaure da kambun kyaftin a damtse, wadda ba ta bar ɓangaren hagu na filin ya huta ba. An tashi babu ci, Najeriya ta wuce zagaye na biyu, Ireland ta tattara ta koma gida. Sunan 'yar wasan Katie McCabe. Labarinta ya cancanci a saurara, domin a cikinsa ne ake ganin yadda ƙwallon mata ya tashi daga wasan marmari ya zama sana'a cikin shekara goma kacal, da kuma irin gwagwarmayar da aka sha kafin a kai ga haka.

An haife ta ranar 21 ga Satumban 1995, ta tashi a Kilnamanagh da ke yankin Tallaght, a kudu maso yammacin Dublin. Su goma sha ɗaya ne a gidansu, kuma yayanta Gary McCabe ya buga wa Shamrock Rovers a gasar maza ta ƙasar. Da maza ta fara tamaula, kamar yawancin 'yan matan zamaninta, saboda ƙungiyoyin 'yan mata ba su da yawa a lokacin.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san wace Ireland ake nufi. Tsibirin ya rabu biyu: akwai Ireland ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, akwai kuma Jamhuriyar Ireland mai cin gashin kanta, kuma kowacce da tawagarta. Jamhuriyar ƙaramar ƙasa ce, mutanenta sun ɗan haura miliyan 5. A can ƙwallon ƙafa ba shi kaɗai ke jan hankalin yara ba, yana gogayya da wasannin gargajiya na Gaelic, waɗanda kusan kowane ƙauye yake da filinsu da ƙungiyarsu. Sai a 2011 aka kafa babbar gasar mata ta ƙasa, kuma babu albashi a cikinta. Kwantiragin ƙwararru bai shigo gasar ba sai 2023. Ke nan duk yarinyar da ke son ta ci abinci da ƙwallo a wancan lokaci, dole ta ƙetare teku, galibi zuwa Ingila.

McCabe tana da shekara 16 aka fara waccan gasa, ta shiga ƙungiyar Raheny United. Ta ɗauki kofin lig sau biyu da su, da kofin ƙalubale na hukumar ƙwallon ƙasar, FAI, sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2014 ɗin kuma tana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 19 da ta ba mutane mamaki a gasar Turai da aka yi a Norway, inda ta doke Sifaniya da Ingila da Sweden kafin Holan ta tare ta a wasan daf da ƙarshe. A watan Maris na 2015 ta fara buga wa babbar tawaga, a wasa da Hungary. A Disambar shekarar Arsenal ta ɗauke ta.

Zuwa Landan bai zo mata da sauƙi ba. Arsenal ita ce ƙungiyar mata mafi tarin kofuna a Ingila, kuma cike take da manyan 'yan wasa. Cikin waɗanda suka iso kusan lokaci ɗaya da ita har da Asisat Oshoala ta Najeriya, wadda ta koma can daga Liverpool a 2016, shekarar da ƙungiyar ta ci Chelsea ɗaya da nema a Wembley ta ɗauki kofin FA. McCabe ta samu lambar yabo, amma yawancin lokacinta a benci ta yi shi, ga rauni yana damunta. Zuwa Agustan 2017 sai aka ba da aronta ga Glasgow City ta Scotland. Irin wannan aro sau da yawa sallama ce cikin ladabi. Ita kuwa ta je ta samu wasa a kai a kai, ta taimaka aka ɗauki kofin lig na Scotland, ta dawo ta tarar an sauya koci. Sabon kocin, Joe Montemurro ɗan Ostireliya, shi ya ga abin da na baya bai gani ba.

Abin da ya yi shi ne ya janye ta daga gaba, ya riƙa sa ta a matsayin mai tsaron baya ta hagu. A ƙwallon yau wannan gurbi ya fi yadda sunansa ke nunawa nauyi. Mai riƙe da shi za ta tare 'yar gefen abokan hamayya, sannan da zarar ƙwallo ta dawo hannun ƙungiyarta ta ruga gaba ta kwaso ta zuwa cikin da'ira, ta kuma komo da gudu kafin a kawo farmaki. Ana buƙatar huhu, da ƙafar da ke aika ƙwallo inda aka nufa, da rashin tsoron karo. McCabe tana da ukun. Arsenal ta ɗauki kofin lig a kakar 2018 zuwa 2019. A kakar 2020 zuwa 2021 McCabe ta ba da ƙwallo 11 aka ci a lig, aka zaɓe ta gwarzuwar ƙungiyar, aka kuma sa ta cikin zaɓaɓɓun 'yan wasa goma sha ɗaya na shekara.

Tana da aibi, kuma ba ɓoyayye ba ne: zafin kai. Tana yawan karɓar katin gargaɗi, wani lokacin a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma magoya bayan wasu ƙungiyoyi ba sa ƙaunarta saboda haka. A ganina wannan zafin da kuzarinta tushensu ɗaya, amma hakan bai wanke ta ba, domin kyaftin ɗin da alƙalin wasa ya riga ya sa wa ido tana sa ƙungiyarta cikin haɗari.

A gida kuwa, shekarar 2017 ɗin da ta kusa rasa gurbinta a Arsenal ita ce shekarar da komai ya juya. Ranar 4 ga Afrilu 'yan wasan tawagar ƙasa suka hallara a Liberty Hall, hedikwatar ƙungiyar ƙwadago ta SIPTU a Dublin, ƙarƙashin jagorancin kyaftin ɗinsu ta lokacin, mai tsaron raga Emma Byrne. Suka faɗa wa 'yan jarida halin da suke ciki. Kayan atisaye aro ake ba su, suna karɓa-karɓa da tawagogin yara, har takan kai su canza kaya a banɗakin filin jirgin sama don su mayar da na hukuma bayan tafiya. Masu aikin albashi a cikinsu kan ɗauki hutu ba biya don su wakilci ƙasarsu. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba: Yuro 300 a kowane wasa, ladan Yuro 150 in an yi nasara, 75 in an yi canjaras, da kuɗin shiga ɗakin motsa jiki, da kayan sawa nasu na kansu. Suka ƙaurace wa atisaye, suka ce in ba a saurare su ba, ba za su buga wasan da ke tafe da Slovakia ba. Cikin kwana biyu hukumar ta sauko aka daidaita. Mai karatu a Najeriya ba zai ji wannan baƙon labari ba, domin watanni kaɗan kafin nan, a Disambar 2016, 'yan Super Falcons sun ƙi barin otal a Abuja saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe bayan sun ɗauko kofin Afirka.

Bayan wata huɗu da wannan bore, Byrne ta yi ritaya, koci Colin Bell ya miƙa wa McCabe kambun kyaftin tana da shekara 21. Ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru irin nata wannan matsayi a tawagar ba. Ita ce kuma ta wakilci mata a Agustan 2021 lokacin da aka cimma yarjejeniyar biyan maza da mata kuɗin wasa daidai wa daida. Yadda aka yi abin yana da kyau a sani: tawagar maza ƙarƙashin Seamus Coleman ta yarda a rage nata kuɗin, hukumar ta ƙara daga aljihunta, aka haɗa aka ɗaga na mata. Idan aka tambaye ni babban abin da McCabe ta bar wa ƙasarta, wannan zan fara ambata kafin kowace ƙwallo da ta ci.

A fili kuwa sai da aka sha ɗaci tukuna. A Oktoban 2020 Ireland na buƙatar canjaras kawai a Kyiv don ta samu damar wasan cike gurbi na gasar Turai. Ukraine ta ci ɗaya ta hanyar cin gida, aka ba Ireland fenareti, McCabe ta buga ta daki turken sama. Damar ta wuce.

Neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2023 ya zo da wani salo, a ƙarƙashin koci Vera Pauw 'yar Holan. Sun ci Finland gida da waje, sun lallasa Georgia da ci 11 da nema a filin Tallaght, unguwar su McCabe, sannan suka je Gothenburg suka riƙe Sweden kunnen doki ɗaya da ɗaya, McCabe ce ta ci ƙwallon Ireland. Wasan da ya raba gardama an yi shi ranar 11 ga Oktoban 2022 a Hampden Park da ke Glasgow. Mai tsaron raga Courtney Brosnan ta tare fenaretin Caroline Weir, Amber Barrett ta shigo daga benci ta ci Scotland ƙwallo ɗaya tilo, ta kuma sadaukar da ita ga mutum goma da fashewar wani gidan mai ta kashe a ƙauyen Creeslough kwana huɗu kafin wasan. Wannan ne karon farko da matan Ireland suka samu shiga wata babbar gasa.

A Ostireliya sun faɗa rukuni mai wuya. Mai masaukin baƙi ta ci su ɗaya da nema da fenareti a Sydney, a gaban 'yan kallo 75,784. Sai wasan Kanada, mai riƙe da zinaren Olamfik, a Perth ranar 26 ga Yuli. A minti na 4 McCabe ta ɗauki bugun kusurwa daga dama da ƙafar hagu, ƙwallon ta lanƙwasa ta wuce saman mai tsaron raga ta faɗa raga ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ita ce ƙwallon farko da Ireland ta ci a gasar duniya ta mata, kuma ita kaɗai ta ci a gasar, domin Kanada ta farke ta ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. Makin da suka samo guda ɗaya ne, na wasan Najeriya, kuma Brosnan ce ta tsare musu shi da ta ture wata ƙwallo da Uchenna Kanu ta sa wa kai.

A wannan wasa ne saɓanin kyaftin da koci ya fito fili. McCabe ta nemi a yi canji a shigo da masu sabon ƙarfi, Pauw ta ƙi, ta kuma fito gaban 'yan jarida ta nuna cewa canji aikin koci ne. Wata ɗaya bayan haka hukumar ta ƙi sabunta kwantiragin Pauw. Ra'ayin mutanen ƙasar ya rabu, wasu na ganin 'yan wasa sun yi ƙarfi da yawa, wasu na ganin salon Pauw na tsare gida ya daɗe yana danne su.

Akwai bambanci tsakanin McCabe ta Arsenal da McCabe ta Ireland, kuma shi ne kan gaba wajen fahimtar aikinta. A Arsenal ɗaya ce cikin taurari, aikinta ta kai wa masu cin ƙwallo. A Ireland ita ce mai bugun kusurwa, mai bugun tazara, mai fenareti, ita ake jira ta tsare kuma ita ake jira ta ci. Shi ya sa duk kocin da ya zo sai ya yi fama da tambayar inda zai ajiye ta: in ta tsaya baya, gaba ta mutu, in ta matsa gaba, hagu ya buɗe. Jaki ɗaya ne ake ɗora wa kayan ayari guda, kuma laifin ba nata ba ne, ƙarancin 'yan wasa irinta ne a ƙaramar ƙasa.

Shekarar 2023 ce ƙololuwarta a matsayin mutum ɗaya. Da rauni ya kwantar da taurarin ƙungiyarta Kim Little da Leah Williamson da Beth Mead da Vivianne Miedema, ita ta ja Arsenal a wasan daf da ƙarshe na kofin zakarun Turai da Wolfsburg, wanda suka rasa a ƙarin lokaci a gaban mutum sama da 60,000 a filin Emirates. Ƙwallon da ta ci Manchester City daga nesa aka zaɓa mafi kyau a lig a kakar. Ta zama mace ta farko daga Ireland da aka sa cikin masu takarar Ballon d'Or. A Satumba ta jagoranci tawagar a wasanta na farko a babban filin Aviva na Dublin, inda mutum 35,994 suka ga an ci Ireland ta Arewa uku da nema.

Babban kofin ya zo ranar 24 ga Mayun 2025 a Lisbon. Arsenal ta ci Barcelona ɗaya da nema ta ƙafar Stina Blackstenius ta ɗauki kofin zakarun Turai, McCabe na tsaron hagu. Rabon ƙungiyar da wannan kofi tun 2007, lokacin da Emma Byrne ke tsare mata raga, wato kyaftin ɗin da McCabe ta gada.

Abin da ya rage mata yana wajen tawagar ƙasa. Ireland ta doke Faransa uku da ɗaya a Cork a Yulin 2024, amma a Disamba Wales ta zo Aviva ta ci biyu da ɗaya ta ƙwace gurbin gasar Turai ta 2025, gasar da matan Ireland ba su taɓa halarta ba. Gasar duniya ta gaba a Brazil za a yi ta a 2027, kuma a lokacin McCabe tana da shekara 31.