Sabon Garin Kano: tarihin unguwa, jama'arta da harshen darenta

0. Gabatarwa

Manyan garuruwa da yawa na ƙasar Hausa suna da unguwar da ake kira Sabon Gari: akwai ta a Maraɗi, akwai ta a Damagaram, akwai ta a Zariya. Amma idan aka ambaci sunan ba tare da wani ƙari ba, ta Kano ce ke faɗo wa ɗan kasuwa ko direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Kano a rai, kuma abin da ke biyo bayan sunan shi ne giya, kiɗa da mata masu zaman kansu. A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa doka ce ta haifi wannan suna da unguwar ta yi. An ware wani fili a bayan ganuwa, an ɗora shi bisa wata doka dabam da ta birni, sai duk abin da birni yake buƙata amma ba ya iya saukarwa a gidansa ya taru a can. Za mu duba kafuwar unguwar, jama'arta da darenta, sannan mu kawo shaidar da harshe yake bayarwa.

1. Kafuwar unguwa

Ingilishi sun ci Kano a shekara ta 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso garin a 1911. Da isowarta cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka sauka, aka shiga neman akawuna, masu aikin reluwe, magina, teloli da masu dafa abinci. Mafi yawan masu wannan sani daga kudancin Najeriya suka fito, wasu daga Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma akasarinsu Kirista ne. To, Ingilishi ta hannun sarakuna suke mulki, sun kuma yi alkawarin ba za su taɓa addini ba. Saboda haka ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin birni, ba su kuma so a kai su kotun alƙali. Wajajen 1913 aka yanka musu filaye a arewa maso gabashin birni, bayan Fage, tsohon zangon fatake. Dokar 1917 ta sanya unguwar ƙarƙashin jami'in Bature kai tsaye, sai a 1940 aka mai da ita hannun hukumar gargajiya ta Kano.

Sunayen tituna sun adana wannan tarihi. Akwai masu ɗauke da sunayen garuruwan da baƙin suka baro, kamar Abekuta, Inugu, Aba da Wari. Akwai kuma babban titin da aka daɗe ana kira France, wanda ɗan Nijar zai ɗauka sunan ƙasar Faransa ne, alhali sunan wani tsohon akawu ne ɗan Gwalkwas da ya shugabanci kotun unguwar cikin shekarun 1930.

2. Jama'ar unguwa

Yarbawa ne suka fi yawa da farko, daga baya Ibo suka zarce su. Kowace al'umma ta kafa ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, waɗanda ke saukar da sabon zuwa, su nemo masa aiki, su tara kuɗin makaranta da na kai gawa gida. Jama'a ta yi ta ƙaruwa alhali iyakar unguwar ba ta matsa ba, don haka aka rarraba gidaje ɗaki-ɗaki ana ba da haya, magudanan ruwa suka cushe, tituna suka lalace. Wannan cunkoso shi ne fuskar Sabon Gari da rana, tare da babbar kasuwarta mai sunan Abubakar Rimi, wadda gobara ta cinye babban sashenta a watan Maris na 2016.

Keɓe baƙi wuri guda ya sa duk lokacin da siyasar ƙasa ta yi zafi an san inda za a same su. A watan Mayu na 1953, bayan gardamar da aka yi a majalisar Legas bisa neman mulkin kai a 1956, an yi kwana huɗu ana faɗa tsakanin Sabon Gari da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Hukuma ta ƙidaya mamata 36. Kashe-kashen 1966 sun kori Ibo daga unguwar har ƙarshen yaƙin basasa a 1970, lokacin da suka fara komowa. An sake zubar da jini a watan Oktoba na 1991 bisa zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. A ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motocin kudu, wasu kuma suka tashi a watan Yuli na 2013 da watan Mayu na 2014 a titunan mashaya. Bayan kowace masifa wasu sun tattara sun tafi, amma shaguna sun sake buɗewa, domin cinikin Kano da kudu ta nan yake bi.

3. Dare

Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, arewacin Najeriya kuma yana ciki. Amma an bar ƙofa ga Turawa da ma'aikatansu baƙi, waɗanda ke iya samun lasisi a unguwanninsu. Ta haka mashaya ta halatta a Sabon Gari, ta haramta a birni, tsakaninsu kuwa tafiyar ƙafa ce. Sauran abubuwan dare suka bi sawun giya: otal-otal masu makaɗa, gidajen rawa, gidajen mata. Silimar farko ta Kano, Rex, an buɗe ta a 1937 a wannan ɓangare na bayan ganuwa, da mashaya a jikinta. Shi ya sa da aka gina silimar Palace cikin birni a 1952 malamai da jama'a suka tayar da jijiyar wuya.

Abin lura a nan shi ne masu cin kasuwar dare ba mazauna unguwar kaɗai ba ne. Tun da wuri Hausawa Musulmi suna fitowa daga birni da Fage bayan sallar isha'i, su koma kafin asuba. Cikin gidajen matan ma akwai Hausawa, zawarawa da ƴan gudun auren dole, daga ƙauyukan Najeriya da na Nijar, ƙarƙashin magajiya, tare da ƴan daudu masu sai da abinci. Jahar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ta kafa hukumar Hizba da doka a 2003, ta kuma hana sai da giya a 2004. A watan Nuwamba na 2013 an farfasa kwalabe kusan 240.000 a bainar jama'a. Duk da haka mashayun Sabon Gari ba su rufe baki ɗaya ba. Tsohuwar iyakar da Bature ya shata ta ci gaba da aiki, ko da yake babu ita cikin sabuwar doka.

4. Shaidar harshe

Kalmar da ta fi bayyana wannan tarihi ita ce bariki. An aro ta daga Ingilishi da ma'anar mazaunin soja. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa duk inda Nasara da ma'aikatansa suke zaune. A Nijar da wannan ma'ana ta kafu, inda bariki ke nufin wurin kumandan da ofisoshinsa. Mataki na uku shi ne sauka daga wuri zuwa hali:

(1) ɗan bariki, ƴar bariki: wanda ya bar tarbiyyar gida ya goge da zaman duniya;
(2) ta shiga bariki: ta fara zaman kanta;
(3) bariki iyawa: zaman nan sai mai wayo.

Ɗafin -anci ya ƙara fito da abin fili. Wannan ɗafi yana ba da sunan harshe ko karin harshe, kamar Katsinanci da Zabarmanci, yana kuma ba da sunan ɗabi'a, kamar iskanci da karuwanci. Barikanci ya haɗa duka biyun: shi ne gurguwar Hausar da sojoji da baƙi ke yi, wadda ba ta bambanta namiji da mace, ba ta kula da ɓ, ɗ, ƙ, shi ne kuma halin ɗan bariki. Ke nan mai magana da Hausa ya auna lalacewar harshe da lalacewar tarbiyya da mudu ɗaya.

Aron kalmomi kuma ta hanya biyu ya bi. Hausa ta karɓi akawu, ashana da oga daga Yarbanci, ta karɓi farfesu daga Turancin buroka, inda asalinsa ke nufin romo mai yaji. Buroka ita ma ta ɗauki wahala da suya. Sunayen da ɓangarorin biyu ke kiran juna da su daga maganar yau da kullum aka tsinko su: Inyamuri daga jimlar Ibo mai nufin a ba ni ruwa, aboki kuma daga kiran da Bahaushe ke yi wa mai sayen kayansa. Dukansu biyu sun rikiɗe sun ɗauki raini, abin da ke nuna cewa cuɗanya ta yi yawa amma amana ta yi ƙaranci.

A cikin daren akwai kuma harshen ɓoye. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa a 2009, ya bayyana yadda ƴan daudu ke amfani da wakilin suna na mace a tsakaninsu, da habaici, da abin da suke kira yaren harka, inda kalma ta kowa da kowa ke ɗaukar ma'anar da sai ɗan ciki ke ganewa. Wannan harshe Hausa ce tsantsa, ba Barikanci ba, kuma shi ne babbar hujjar cewa daren Sabon Gari yana da ƴan gida a cikinsa.

5. Kammalawa

Mun ga cewa doka ce ta raba Sabon Gari da birni, ciniki da dare kuma suka riƙa haɗa su, harshe ya adana alamun rabuwar da na haɗuwar. Batun ya shafe mu a nan Nijar: a watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, mashayu da gidajen mata masu zaman kansu aka fara kai wa hari a Maraɗi. Muna ba ɗalibanmu shawara su tattara yadda ake amfani da bariki, zango da sabon gari a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni, daga bakin tsofaffi da na matasa, domin a gane inda mulkin Faransa da na Ingilishi suka sa ma'anar waɗannan kalmomi ta rabu, da inda ta haɗu.