Maganin Kan Tire Da Garkuwar Jinin Ɗan Adam

Duk wanda ya san kasuwannin Adar, tun daga Takanamat har cikin birnin Tawa, ya san mai tallar magani da tirensa a ka. Kafso ja-da-rawaya ne ko Bactrim, ka ce a ba ka na dala ashirin, a ƙirga maka a tafin hannu. Mu kan haɗiya don a kashe ƙwayar cuta, amma ba mu cika tambayar abin da maganin ke yi wa jikinmu ba.

Masana sun ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani sinadari mai suna gulutatayon. Aikinsa kamar na man da ake shafa wa ƙarfe ne don kada ya yi tsatsa, wato yana tare gubar da jiki ke fitarwa yayin da yake ƙona abinci da iska. A shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Boston ta Amurka sun ba ɓeraye magunguna irin su sifrofuloksasin da amfisilin na 'yan makonni, suka tarar wannan sinadari ya ragu, tsatsar ta ƙaru. A ɓeraye aka gani, don haka ba za mu zuzuta ba.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne jini. Akwai mutanen da ake haifa da ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, wanda shi ne ke sabunta gulutatayon a jajayen ƙwayoyin jini. Kimanin mutum miliyan 400 ne a duniya, galibi maza, kuma abin ya fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro irin namu. Mai wannan gado lafiyarsa ƙalau, har ranar da ya sha abin da ya fi ƙarfin garkuwarsa, kamar dafson na maganin kuturta, ko naitirofurantoyin na ciwon mafitsara. Dangin Bactrim ma ana kaffa-kaffa da su. Cikin kwana biyu ko uku sai jini ya fara fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, a gida kuwa a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Kafur ɗin da mata ke sakawa a kayan jarirai ma yana yin wannan ɓarnar.

Dalilin ke nan da ya sa a 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya janye Lapdap, maganin zazzaɓi mai ɗauke da dafson, bayan an ga yana zubar da jinin yaran Afirka masu wannan gado.

Ba muna cewa a guje wa maganin ba ne. Binciken da aka yi a jihar Dosso, wanda ya fito a 2018, ya nuna raba azitiromaisin ya rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 18 cikin 100. Amma can ma'aikatan lafiya ne ke auna yaro kafin a ba shi. Mai tire ba ya da ma'auni, bare gwajin jini, kuma gobe yana wata kasuwar.