Aku da Tsirya: Abin Lura ga Mai Fara Kiwo a Ƙasar Yawuri

Tun fitowar Magana Jari Ce na Abubakar Imam a 1937, aku ya zauna a zukatan Hausawa a matsayin ma'abocin fasahar harshe. Sai dai wannan aku mai launin toka da jar wutsiya ba tsuntsun ƙasar Yawuri ba ne. Ɗan kurmi ne, fatake ke kawo shi Arewa. Wadda manoman Ngaski da Shanga da gaɓar Tafkin Kainji suka sani ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya, wadda ke sheƙa a kogon itace, take kuma ɓarnar dawa da gero.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga mai zaɓen tsuntsunsa na farko. A 2016 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, domin yawan kamu ya kusa ƙarar da shi a wurare da dama. Don haka wajibi ne mai saye ya binciki asalin tsuntsun, kada kuɗinsa ya ƙarfafa masu kamun.

Ta fuskar ɗabi'a kuwa, dukansu a garke suke rayuwa, kuma kwaikwayon murya hanya ce ta neman abokin zama. Idan aka kulle aku shi kaɗai, yakan yawaita ihu, har ya riƙa figar gashinsa. Tunda yana iya haura shekara 40 a hannun mutum, ɗaukarsa amana ce da kan kai ga magada.