Ɗan rubutun da ke sauƙaƙa wa masu haɗa manhaja aiki

A 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya da hukumar NITDA suka ƙaddamar da shirin 3MTT daga Abuja, da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Duk wanda ya zaɓi rubuta manhaja a cikinsu, ba da jimawa ba zai gane cewa harhaɗa abin da aka rubuta kan fi rubutun kansa ba da ciwon kai.

Manhajar waya tarin fayiloli ce, wasu naka, wasu na aro daga intanet. Sai an sauko da na aron, an juya rubutun zuwa yaren da na'ura ke ji, an gwada, sannan a ɗaure komai wuri guda. Don irin wannan aikin Stuart Feldman ya ƙirƙiro Make a Bell Labs da ke Amurka a 1976. Daga baya Maven ya fito, sai Gradle, wanda Google ta zaɓa a 2013 ya zama kayan harhaɗawa na Android Studio, manhajarta ta rubuta manhajojin waya.

To, su ma kayan harhaɗawar iri-iri ne, tsoho da sabo. Abokan aiki biyu, ɗaya a Wuse ɗaya a Gwarinpa, aikinsu ɗaya, amma ya tashi a kwamfutar wannan ya ƙi a ta wancan, saboda Gradle ɗinsu ba ɗaya ba ne. Nan gradlew ke shigowa. Ɗan gajeren rubutun umarni ne da ke zaune cikin jakar aikin. Ka buɗe baƙin allon rubuta umarni ka buga ./gradlew build, sai ya duba wani ƙaramin fayil ya ga wane Gradle aikin ke buƙata. In babu shi a kwamfutarka ya sauko da shi, ya adana, ya ci gaba da harhaɗawa. Masu Maven kuma suna da mvnw.

A ganina amfaninsa a nan gida ya wuce hutar da yatsu. Data na da tsada, ga ɗauke wuta. Abin da aka sauko da shi yana nan ajiye, in ka ƙara --offline aiki zai tafi ko intanet ta yanke. Sannan ƙwararru na yawan sauya wurin aiki ko barin ƙasar. Idan matakan harhaɗawa suna cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi ƙaramin kamfani ya shiga uku. Idan suna rubuce cikin ɗan fayil, ɗalibar da ta zo neman ƙwarewa jiya za ta tada aikin yau.

Sai dai rubutun umarni na aiki ne da cikakken ikon mai kwamfutar, shi ya sa nake roƙon masu koyarwa su saba wa ɗalibai karanta shi kafin su kunna. A Janairun 2015 an gano kuskure a rubutun da ke tada manhajar wasanni ta Steam a Linux: wurin da sunan jaka ya kamata ya shiga ya zama wayam, sai umarnin gogewa ya bi ta kan fayilolin wani mai amfani da ita, har da na faifan ajiyar da ya jona.